Layin Mai Firji

Tun da safe Umma ta goge gilashin talabijin har ya fara ƙara a ƙarƙashin tsumma, sai ka ce ƙura ce za ta hana ta ganin ɗanta. Ta ɗage ƙyallen da take rufe dikoda, na'urar kama tashoshi, da shi, ta ninke, ta mayar, ta sake ɗagewa. Abincin rana kuwa ta sauke shi babu gishiri, ba ta ma sani ba sai da ta kai loma baki.

Yau Auta zai yi dambe a talabijin. Damben zamani, na safar hannu da igiyoyi da ƙararrawa, a wani gari mai nisa da ba ta taɓa takawa ba. Kuma ta yi masa alkawarin za ta kalla.

Wanda bai san Umma ba zai ce to mene ne abin tashin hankali a nan. Ai matar nan tun da yaron ya fara wannan sana'a ba ta taɓa ganin an kai masa naushi ko ɗaya ba. Cewa take yi ba ta yi naƙudarsa don ta zauna tana kallon wani ƙato yana gyara masa fuska ba. Mahaifinsa, mai gyaran firji, shi ne ɗan kallo. Ko da firjin wa ya buɗe, ko da kifin wa ke narkewa, ranar wasa zai rufe shago ya bi yaron. In an tashi sai wayarta ta yi ƙara, ta ga an rubuta Maigida, ta ɗauka. Magana biyu yake faɗa mata kullum: ya ci ko bai ci ba, sannan ya ce lafiyarsa ƙalau. Ita ta biyun kaɗai take ji.

Shi ne ma ya sayo dikodar. Ranar da ya kawo ta, ya hau rufin kwano da kansa ya ɗaura farantin tauraron ɗan'adam, ya sauko yana haki ya ce, "Ki bar ganin kuɗin da na kashe. Wata rana a cikin akwatin nan za mu ga yaron nan." Bai kai ranar ba. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Makon jiya Auta ya kira. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, irin wanda yake yi tun yana ƙarami in yana son abu yana jin nauyin roƙo.

"Umma, tun da Baba ya rasu, in na hau na waiga, wuri cike yake da mutane amma babu mai kallona. Ki kalla mini wannan. Ko da ido ɗaya ne."

Ta ce to. Ta ajiye wayar.

Bayan azahar babbar 'yarta ta iso, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi. Ita ce ta san kan waɗannan abubuwa. Ita ta yi wa Umma bayani tun farkon mako cewa wasan ba ya cikin tashoshin da ake biya wata-wata, daban ake sayensa, kallo ɗaya kuɗi ɗaya, kuma ta riga ta biya ta wayarta.

"Komai ya kammala, Umma. Dannawa kawai za mu yi. Ki zauna mana, kina ta zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai."

"Danna mu gani tukuna."

Malama ta ɗauki rimot ta danna. Hoton safar hannu biyu ya fito, da jerin waɗanda za su kara. Na Auta shi ne na farko, irin ƙananan wasannin da ake buɗe fili da su kafin manya su fito. Umma ta ga sunan ɗanta a rubuce a cikin akwatin, ta dafe ƙirji. Kafin ta gama kallonsa wani farin allo ya rufe shi.

Malama ta karanta a fili. Kamfanin ya kawo sabon tsari don tsaron masu hulɗa da shi. An tura lambar sirri ta saƙo zuwa layin wayar da aka yi rajistar dikodar da shi, sai a shigar da ita kafin a buɗe wasan. Ta duba wayarta, babu saƙo. Ta duba ta Umma, babu. Sai ta matsa kusa da allon ta karanto ƙarshen lambar da aka tura wa.

Umma ba ta bari ta ƙarasa ba. Lambar da ta haddace tun kafin ta haddace tata.

"Ta Babanku ce."

Wayar marigayin tana cikin durowar gado, a naɗe cikin hularsa. Umma ta ɗauko ta da hannu biyu. Suka sa ta a caji, suka tsaya a kanta su biyu kamar masu jiran ruwa ya tafasa. Da ƙyar ta farka, gilashinta da tsagar nan da ta samu ranar da ta faɗo daga kan wani firji. Suka jira saƙo. Babu sabis ko ɗigo.

Malama ta yi ajiyar zuciya. "Umma, layin ya mutu. In aka daɗe ba a yi amfani da layi ba, kamfanin waya karɓewa yake yi ya sayar wa wani."

"Ya sayar da me?"

"Da lambar."

"Lambar Babanku? Wa ya ba su?"

Malama kuwa ta riga ta kira masu dikodar. Wata murya mai zaƙi, wadda ba ta mutum ba ce, ta ce a danna ɗaya, a danna uku, a danna tara a koma baya, sannan ta sa musu kiɗa. Umma ba ta taɓa tsanar kiɗa kamar wannan ba. Da aka gaji da wahalar da su wani saurayi ya ɗauka, mai ladabi kamar an wanke shi. Ya ce canza layi abu ne mai sauƙi, mai asusun ya je ofis da katin shaidarsa ranar Litinin.

"Mai asusun ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To a zo da takardar shaidar rasuwa ranar Litinin."

"Malam, damben yau ne! Yanzu!"

"Muna ba da haƙuri, Hajiya. Akwai wani abin da zan taimaka miki da shi?"

Malama ta kashe kafin bakinta ya ɓaci. Ta gwada buɗe sabon asusu a wayarta don su kalla ta nan, manhajar ta karɓi sunanta da hotonta da ranar haihuwarta, ta yi godiya, ta ce za a tantance ta zuwa gobe. Ta kira mai gidan kallon da ke bakin titi, ya ce shi ƙwallo yake nunawa, ko uwarsa ce za ta yi dambe ba zai canza tasha ba, samari za su ƙona masa rumfa.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. To su sun fafe nasu tun farkon mako, kamfani ne ya zo ranar tafiyar ya toshe bakin.

"Saura hanya ɗaya," in ji Malama. "Mu kira lambar. Duk wanda yake riƙe da ita ya karanto mana."

Ta danna a sake turo lambar sirrin, don ta farko ta riga ta lalace. Allon ya yi gargaɗi da jan rubutu cewa bayan wannan saura dama ɗaya, in ta wuce za a kulle asusun sai an je ofis. Sannan ta kira, ta buɗe muryar don Umma ta ji.

Wayar ta shiga. Umma ta riƙe hannun kujera. Shekara biyu tana zaton lambar nan tana kwance a durowa cikin hula, ashe tana can tana yawo a aljihun wani.

"Alo?" Muryar namiji ce, mai kauri, da ƙarar injin aski a bayanta.

Malama ta yi sallama ta fara bayani da sauri, irin saurin da ke sa gaskiya ta yi kama da ƙarya. Ba ta kai rabi ba ya katse ta.

"Lambar sirri ko? An turo ta wayata bisa kuskure ko? Ke baiwar Allah, ni aka yi wa wannan bara, aka kwashe mini kuɗin hayar shago tas. Ku nemi wani, ni an riga an yi mini aski." Ya kashe.

Ta sake kira, ya ƙi ɗauka. Ta sake, ya danna mata ja.

A wayar Malama akwai wani shafi da ke rubuta abin da ke faruwa a filin. Ta leƙa, ta kife wayar a cinya, amma Umma ta riga ta ga fuskarta.

"Me suka ce?"

"Wai sun fara shigowa."

Umma ta juya ga talabijin. Yanzu yaron yana tafe tsakanin mutane, da tawul a kai, zai hau ya waiga. Ya san ba zai gan ta ba, ai ba yaro ba ne. Amma zai kalli na'urar ɗaukar hoton yana cewa a ransa tana can. Ita kuwa tana nan gaban farin allo. Abin da ya fi cin ranta shi ne, can ƙasan zuciyarta ta ji wani ɗan sauƙi, cewa ba sai ta ga ana dukansa ba, kuma ba laifinta ba ne. Wannan sauƙin ne ya ba ta kunya har ta miƙe tsaye.

"Miƙo mini wayata."

"Umma, ba zai ɗauka ba."

"Lambarki ya sani. Bai san tawa ba."

Ba ta taɓa goge sunan ba, ba ta kuma taɓa danna shi ba tun ranar. Yana nan inda yake, Maigida. Ta ɗora yatsa a kai, yatsan ya ƙi, ta danna da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi.

"Alo?"

Ta buɗe baki, maganar da ta shirya ta gudu. Sai sallama ta fito, a hankali.

Jin muryar babbar mace ya sa ya sassauta. "Wa alaikumus salam, Mama. In maganar firji ce, don Allah ba nan ba ne. Ni mai aski ne."

"Firji?"

"Wallahi na gaji. Tun da na sayi layin nan ban huta ba. Wannan firjinta ya daina sanyi, wancan nasa yana zubar da ruwa. Mutumin nan ya tara jama'a ya gudu ya bar ni da su. In kin san shi ki ce masa ya ji tsoron Allah ya gaya wa mutanensa sabuwar lambarsa."

"Bai gudu ba, ɗana. Rasuwa ya yi. Ni ce matarsa."

Injin askin ya tsaya. Ta ji wani daga gefe yana cewa a ƙarasa masa mana, an bar shi da rabin kai.

"Inna lillahi. Allah ya jiƙansa. Wallahi ban sani ba, na sha zaginsa a raina."

"Amin. Ba komai. 'Yata ce ta kira ka ɗazu." Ta gaya masa komai, a taƙaice, dikodar da damben da alkawarin.

Sai ya ce, da muryar wanda ba ya jin daɗin abin da yake faɗa, "Mama, ki yi haƙuri. Waɗanda suka cuce ni bara ma da tsohuwa suka haɗa ni, tana kuka, wai jikanta yana asibiti. Saƙon nan da kansa ya ce kada a ba kowa. Ni ban san ki ba."

Malama ta matso za ta karɓi wayar ta yi masa ruwan bayani, Umma ta ɗaga mata hannu. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Kuma in da Auta ne aka kira haka, ita da kanta za ta ce masa kada ya kuskura.

"Gaskiyarka ce," ta ce. "Kada ka bayar. Abu ɗaya zan roƙe ka. Masu kiran nan, ka daina ce musu ba ka san inda yake ba. Ka ce musu ya rasu, su yi masa addu'a. Bai taɓa guje wa aikin kowa ba."

"In sha Allah zan faɗa." Sai ya ƙara da cewa, "Akwai wata tsohuwa ma, ita ta fi damuna. Duk lokacin zafi sai ta kira, ba ta jin bayani, wai firjinta yana kuka kamar injin niƙa."

Umma ba ta san sanda dariya ta kufce mata ba, da hawaye a ciki. "Mai sayar da ƙanƙara ce. Firjin da ta ɗaure ƙofarsa da robar taya. Ba abin da ya same shi. Jikokinta ne ke tura shi jikin bango. Ka ce mata ta jawo shi baya kaɗan, ta share ƙurar bayansa, ta sa kwali ƙarƙashin ƙafar hagu. Abin da yake zuwa ya yi mata ke nan duk shekara, ya sha ruwan sanyi ya dawo. Sai an jima, ɗana."

"Tsaya, Mama."

Ta ji yana magana da mai rabin kan. "Kai, karanta mini saƙon nan da kyau. Na banki ne?" Aka amsa daga nesa cewa ba banki ba ne, na masu talabijin ne, kuma don Allah a zo a ƙarasa askin nan.

"Mai ƙanƙarar nan ta faɗa mini maganar robar tayar," in ji mai askin, kamar da kansa yake magana. "Sau nawa tana faɗa. Mama, ku sake turowa. In kuma cutata kuka yi, na bar ku da Allah."

Malama ta ɗauki rimot. Dama ta ƙarshe. Ta danna. Wani ɗan da'ira ya fara juyawa a tsakiyar allon, yana juyawa, yana juyawa, Umma tana bin sa da ido har ta ji jiri.

"Bai shigo ba," in ji mai askin. "Bai shigo ba fa. Sabis ɗin shagon nan sai a hankali. Bari in fita waje."

Suka ji ƙarar ƙofa, da hon ɗin motoci, da mai rabin kai yana rantsuwa ba zai biya ba. Malama ta leƙa wayarta ta ce an gama turmi na biyu. Umma ta ce ta rufe mata baki.

"Ya shigo!"

Ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, Malama tana dannawa. A na huɗu ta danna ba daidai ba, ta goge, ta ce ya maimaita, ya maimaita da tsawa kamar shi ma ɗansa ne a filin. Allon ya yi baƙi. Sannan ihun jama'a ya cika ɗakin.

Abin da Umma ta fara gani a duniya na damben ɗanta shi ne ɗanta a ƙasa.

Yana durƙushe kan gwiwa ɗaya, safar hannunsa a kan igiya, jini a girarsa ta hagu. Alƙalin wasa yana tsaye a kansa yana ƙirga da yatsu. Wayar ta zame daga hannunta ta faɗi kan kujera. Duk abin da ta guje wa shekara da shekaru, ga shi an kawo mata har ɗaki, da kuɗinsu kuma. Hannunta ya tashi zai rufe idonta. Ta kama shi da ɗayan ta danne a cinya.

Na'urar ta matso kusa da fuskarsa. Idanunsa suna yawo, ba alƙalin yake kallo ba, ba abokin karawar ba. Waige yake yi.

"Ga ni nan!" Umma ta daka tsawar da Malama ba ta taɓa jin irinta a bakinta ba. "Ga ni nan, ina kallo! Tashi, don ubanka!"

Ba ta ce ya ji ta ba, kuma ba ta taɓa cewa haka ba daga baya. Amma ya tashi.

Sauran turamen a tsaye ta kalle su, tana riƙe da bayan kujera. Ba ta san ƙa'idar komai ba. In an kai masa naushi sai ta kauce da kanta, in ya kai sai ta ce ƙara masa, ita da ko kaza ba ta iya kallon ana yankawa. A turmin ƙarshe ya samu ƙaton nan da wani naushi na dama har ya yi taga-taga, Malama ta yi tsalle ta taka rimot. Da aka buga ƙararrawar ƙarshe su biyun duk suna tsaye. Alƙalai suka haɗa maki, aka ɗaga hannun ɗayan.

Auta ya rungumi wanda ya ci shi, ya sauka da ƙafafunsa, yana tafiya daidai, har yana yi wa mai goge masa gira gardama. Umma ta bi shi da ido har hoton ya koma kan wasu. Sannan ta zauna.

"Zai kira in ya huce," in ji Malama tana share fuska da gefen mayafi. "In ya tambaya ko daga farko muka gani fa?"

"In ce masa daga inda ya faɗi na gani. Ai nan ne wurin da ake bukatar mai kallo."

Wayar da ke kan kujera ta yi ƙara. Malama ta miƙa hannu, ta ga allon, ta janye hannun a hankali.

An rubuta Maigida.

Umma ta daɗe tana kallon sunan yana haske yana ɗaukewa, daidai lokacin da ya saba kira, bayan an tashi. Ta goge tafin hannunta a zani, ta ɗauka.

"Mama, ni ne mai aski. Na kasa haƙuri, duk shagon nan jira muke. Yaya aka yi?"

Umma ta gyara riƙon wayar.

"Bai ci ba," ta ce. "Amma lafiyarsa ƙalau."